Na Sa Baba Ya Zargi Kunnensa

Ustaza Insaf, don girman Allah ki taimake ni da shawara. Abin nan ya hana ni sakat, ko abinci na sa a baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Mahaifina malamin Alƙur'ani ne a nan garin Tanta, kuma tun ina yarinya kunnensa ne abin alfaharinsa. Yana baranda da kofin shayi zai ji ɗalibi a ɗakin ciki ya gajarta madda, ya ƙwala masa kira. Da gwiwa ta hana shi hawa matakalar masallaci, sai ɗalibai suka koma karanta masa ta kwamfutar tafi-da-gidanka, wasu ma daga Jakarta. Yakan sa abin kunne ya lumshe ido, wanda ya sauke ya ba shi ijaza.

Ni ce 'yar auta, kuma ni ce injiniyar gida, ba don na iya komai ba sai don ina aikin ofis. Wata rana tawa kwamfutar ta ƙi tashi, na ɗauki tasa ban tambaye shi ba, na yi taron ofis da ita. Saƙon sabunta manhaja ya fito, na danna ban ko karanta ba. Bayan nan ya fara cewa murya tana ɗaukewa, ta ɗan jima ta dawo, alhali bakin ɗalibi yana ta motsi a allo. Ranar da ya kira ni in duba, ina sauri zan fita. Na kunna wani karatu, na ji shi ras, sai na ce masa cikin wasa kwamfuta lafiyarta ƙalau, sai dai in kunnen Shehi ne ya fara tsufa. Murmushi kawai ya yi, bai sake yi mini maganar ba.

Ashe maganar ta shige shi. In murya ta ɗauke sai ya ci gaba da gyaɗa kai, kunya ta hana shi cewa a maimaita. Ana haka wani ɗalibinsa, Ridwan, ya tsallake rabin aya daidai lokacin shirun, Baba ya ce masa madalla. Ridwan ɗin da kansa ya gane daga baya, ya dawo ya faɗa masa cikin ladabi. Tun ranar Baba ya dakatar da karatu. Ya ce ijaza amana ce da ta zo masa baki da baki daga malamansa, wanda ba ya ji ba shi da haƙƙin sa mata hannu. Yayana Midhat ya kai shi wurin likita, likita ya ce akwai ɗan rauni irin na shekaru amma ba abin damuwa ba ne. Baba rabin farko kawai ya riƙe.

Kwanan nan na sake ɗaukar kwamfutar, sai ga shi sauti ya ɗauke mini ni ma. Na nuna wa wani abokin aikina, ya ce direban sauti ne, wato ƙaramar manhajar da ke kai murya zuwa lasifika, sabuntawar da na danna ce ta hargitsa shi.

Har yau ban gaya wa kowa a gida ba. Ina kai masa shayi yana sa mini albarka, ina magana yana karkato kai kamar kurma, sai in shiga bayi in yi kuka. Midhat in ya ji sai ya cinye ni ɗanya. Wata zuciyar tana ce mini in sa a gyara a ɓoye in yi shiru. Amma Baba ya ce kafin azumi zai miƙa ɗalibansa duka ga wani malami. Yaya zan yi?

Mai nadama, Tanta

'Yata mai nadama,

Share hawayenki mu yi magana. Danna sabuntawa ba laifi ba ne, kowa yana yi, kuma kwamfutar da ke ɗauke sauti jifa-jifa takan yaudari har masu gyara, domin sai an zo gwaji take yin lafiya. Wasan da kika yi masa ma ba da mugunta kika yi ba. Inda kike da laifi shi ne shirun da kika yi bayan kin sani, kuma shi ne ke ƙara nauyi kowace safiya.

Na fahimci abin da ya sa gyara a ɓoye yake jan hankalinki. Zai kare ki daga bakin Midhat da kuma kallon da kike tsoron Baba zai yi miki. To amma ki duba, mahaifinki ba kwamfutar ya daina yarda da ita ba, kunnensa ya daina yarda da shi. Ko kin gyara ta ba zai buɗe ta ba, in ma ya buɗe zai zauna ne yana jiran ranar da shirun zai dawo.

Shi gyaran ba wuya, na tambayar miki mai gyaran kwamfutocin ofishinmu. A shiga wurin da kwamfuta ke jera kayan aikinta, a nemo na sauti, a mayar da direban kan wanda yake kafin sabuntawar. In hakan bai yiwu ba, a goge shi a sauko da na ainihi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar. A kashe kayan ƙawata murya da tsarin tsimin batir, su ma suna katse sauti. Sannan a bar ta tana karatu na dogon lokaci, kada a yi gwajin tsaye-tsaye irin naki na farko.

Amma kada ki taɓa komai tukuna. Ki dafa shayi, ki zauna kusa da shi, ki cire abin kunnen, ki kunna karatu ta lasifika ku saurara tare. Ki yi haƙuri ki jira, ko da za a daɗe. Lokacin da murya ta ɗauke zai sunkuyar da kai yana zaton shi kaɗai ne. A nan za ki riƙe hannunsa ki ce masa ke ma ba ki ji komai ba. Daga nan ki faɗi sauran, ki nemi gafararsa. Faɗan Midhat kuwa ki shanye shi, ba zai kashe ki ba.

Ki yi wannan a yau, kafin a miƙa ɗaliban. Allah ya sanyaya zuciyarki, ya ƙara wa Shehi lafiya, ya nuna masa ranar da zai sa wa Ridwan hannu a ijaza.

Insaf