Sabar Tsafe ta dawo da kanta

Daren Laraba, Tudun Wada

Yau na tsallake rijiya da baya. Daga Gusau nake gyara sabarmu, wato babbar kwamfutarmu ta Tsafe, wadda ɗalibai za su yi jarrabawa da ita gobe. Ta waya ɗaya kawai take shiga intanet, ni ma ta nan nake isa gare ta. Ina canja saitin wayar, sai ta ɗauke ɗif.

Inna ta ga na ɗauki makullin babur, ta ce, "Wallahi ba ka bin hanyar Tsafe da yammar nan."

Dama na umarci sabar ta koma tsohon saiti in ta ji ni shiru, sai dai ban taɓa gwada dabarar ba. Na zauna na zuba wa allo ido. Can sai ga ta!

Na ce, "Inna, zubo tuwon nan, ba inda za ni."