A Kan Daƙiƙa Ashirin da Biyu Aka Dakatar da 'Yata

Zuwa ga Daraktar Wasanni ta kwalejin da 'yata Rukayya take karatu, a nan birnin New York.

Ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da iyalinki da ma'aikatan ofishinki.

Sunana Sani. Direban tasi ne ni, mafi yawan aikina a layin filin jirgin sama na JFK, kuma a Concourse Village nake zaune da iyalina. Ni ne mahaifin Rukayya, mai lamba goma sha huɗu, wadda har makon jiya ita ce kaftin ta ƙungiyarku ta ƙwallon kwando ta mata.

Sau biyu na zo ofishinki. Ranar Talata sakatariyarki ta ce kina mitin, na zauna awa ɗaya da rabi a kan kujerar bakin ƙofa ina kallon hotonki na lokacin da ke ma kike buga ƙwallo. Ranar Alhamis aka ce kin fita. Na aika imel, shiru. To tunda ƙofa ta ƙi buɗuwa, ga maganata a fili. Da Hausa na rubuta, domin Turancina na ɗaukar fasinja ne: yana isa ta in tambayi mutum ina za shi, amma ba ya isa ta in faɗi abin da yake ci mini rai. Maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, ta ce za ta juya miki shi kalma da kalma, na kuma roƙe ta kada ta sassauta komai.

1. Abin da na gani da idona

Ranar Asabar ɗin da ta gabaci ta jiya, da ƙarfe biyu na rana, ƙungiyarku ta karɓi baƙuncin wata ƙaramar kwaleji. Ku kuna da 'yan wasa goma sha biyu. Su shida suka zo. Shida, Ranki ya daɗe, har da ta benci. Kocinsu mace ce mai furfura, ita ta ɗauko jakar ƙwallaye da kanta.

A kwata ta biyu ɗaya daga cikinsu ta gurɗe a idon sawu, aka kama ta aka fitar. Saura biyar, babu mai canjin kowa. Aka tafi hutun rabin lokaci kuna da maki hamsin da huɗu, su tara. Duk wanda ya taɓa kallon wasan nan ya san an gama. Na ɗauka da an dawo zan ga yaran benci, waɗanda suke shan wahalar tirenin kullum amma ba a cika sa su ba. Sai na ga kocinku ya dawo da biyar ɗin farko, ya kuma ci gaba da sa su tare yaran nan tun daga ƙarƙashin ragarsu, mutum biyu a kan mutum ɗaya, ba a ma barin su su tsallaka rabin fili. A jefo ƙwallo a ƙwace, a zura. A sake jefowa a sake ƙwacewa.

A farkon kwata ta huɗu wata ta cika laifi biyar, alƙalin wasa ya fitar da ita. Saura huɗu a fili. Huɗu da biyar. Na kalli kocinku, wallahi na ɗauka yanzu zai ɗaga hannu ya ce a ja baya. Ya tafa hannu ya ce a ƙara matsawa.

Cikin huɗun nan akwai Hawa, 'yar Alhaji Issaka, mutumin Kumasi mai shagon kayan abinci a Tremont. Masallacinmu ɗaya da shi. Hawa da Rukayya tare suka yi Islamiyya, a filin unguwa ɗaya suka koyi jefa ƙwallo. Daga baya na ji cewa ran nan tun da asuba ta tafi aikin kula da wata tsohuwa, daga can ta shiga jirgin ƙasa ta zo wasa. Da kocinsu ta nemi ɗan hutu, na ga Hawa ta sunkuya a kan kwandon shara ta yi amai, ta goge bakinta da gefen riga, ta gyara ɗankwalinta, ta koma fili. Ɗalibanku da ke bayan raga suna ɗaukar ta a waya suna dariya. Babu ma'aikacinku ko ɗaya da ya ce musu kanzil.

2. Daƙiƙa ashirin da biyu

Akwai wani shagon fiza, burodin nan na Turawa mai cuku, a tsallaken titi da yake ba ɗalibai kyauta duk ranar da ƙungiyar ta kai maki ɗari. Saboda haka tun daga maki tamanin ɗakin ya ɗauki ihu, ana buga ƙafa a katako, ana kiran ɗari, ɗari. Saura daƙiƙa ashirin da biyu a tashi, kuna da casa'in da takwas, su sha bakwai. Hawa ta jefo ƙwallo, hannunta ya riga ya mutu, ƙwallon ta faɗo a hannun Rukayya. Tsakaninta da raga taku uku ne, babu kowa a gabanta.

Ba ta zura ba. Ta juya, ta koma tsakiyar fili tana buga ƙwallon a ƙasa a hankali. Kocinku ya shigo har cikin fili yana kiran sunanta, jijiyar wuyansa a waje. Ɗalibai suka koma yi mata ihu. Ita kuwa ta tsaya tana buga ƙwallonta har aka busa tashi, ta ajiye ta a ƙasa, ta je ta miƙa wa yaran nan huɗu hannu ɗaya bayan ɗaya.

Shi ke nan laifin. Ba ta zagi kowa ba, ba ta jefar da riga ba, ba ta sa an ci ku ba. Da maki tamanin da ɗaya kuka yi nasara.

3. Takardar da kika sa wa hannu

Ranar Litinin aka ba ta takarda. An dakatar da ita wasa uku, an karɓe kaftin, saboda ƙin bin umarnin koci da kuma kunyata ƙungiya a gaban jama'a. Sa hannunki yana ƙasa. Ba a kira ta an ji ta bakinta ba. Ban sani ba ko kin kalli bidiyon wasan kafin ki sa hannu. In kin kalla kika sa, abin ya yi muni. In ba ki kalla ba, ya fi muni.

Kunyata ƙungiya? Ranki ya daɗe, wa ya kunyata ta? Babban mutum mai 'ya'ya da ya saki 'yan wasa biyar a kan yara huɗu da numfashi ya ƙare musu, ko yarinyar da ta ƙi ƙarasa masa aikin? Rukayya ta gaya mini cewa a hutun rabin lokaci ya rubuta ɗari a kan allo ya zagaye ta, ya ce tun da ya zo kwalejin nan bai taɓa kai wa ba, yau kuma babu uzuri. Ashe ba wasa ake ba, wani ne yake neman abin da zai riƙa ba da labari.

4. Nawa laifin

Ba zan ɓoye nawa ba, domin in na ɓoye ba ni da bakin faɗin na wani. Har zuwa kwata ta uku ni ma ina tsaye ina tafi. Uba ne ni, 'yata tana zura ƙwallo, raina fes. Da ta ƙi zura ta ƙarshen nan, abin da ya fara zuwa mini shi ne tsoro. Da ƙwallon nan take karatu, ita ke biya mata kuɗin makaranta. Ni na san yadda na yi da mutane kafin ta fara, na san maganganun da aka yi mini a ƙofar masallaci, wai na bar 'ya mace tana tsalle a gaban maza. Na toshe kunnena, uwarta ta ɗinka mata dogon wando da ɗankwalin wasa, muka ce je ki. Sai ga shi tana neman zubar da komai a kan maki biyu.

A mota na rufe ta da faɗa tun daga bakin kwaleji har gadar da za ta shigar da mu Bronx. Na ce koci shugabanki ne, abin da ya ce shi za ki yi, ke ba ki isa ki zaɓa ba. Ita kuwa tana kallon taga. Rukayya tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa, sai ran nan ta juyo ta ce da ni da Hausa, Hausarta mai karyewa: "Baba, Hawa ba ta iya ɗaga hannu. Na gani. Kai ma ka gani."

Na gani. Na ci gaba da tuƙi har gida.

Ranar Juma'a na idar da salla ina neman hanyar da zan zame kada mu haɗu da Alhaji Issaka. Shi ma yana ɗakin wasan ranar Asabar ɗin nan, a can sama, shi kaɗai da hularsa a hannu. Sai na ji an riƙe mini hannu a wajen takalma. Ya ce, "Malam Sani, ina za ka gudu? Ka gaida mini 'yarka. Ka ce mata Hawa ta ce ba tausayi take nema ba, da ta zura ma ba za ta riƙe ta a zuciya ba. Amma ni na riƙe abin da ta yi, kuma ba zan manta ba." Sai ya ƙara da cewa biyu daga cikin shidan nan sun ce sun daina, ba za su sake sa rigar ba. In haka ta tabbata, ƙungiyar tasu ta watse ke nan, domin mutum huɗu ba sa fara wasa. Wannan ma ki sa shi cikin abin da aka ci ran nan.

5. Hujjar kocinku

Na ji abin da yake gaya wa iyaye. Wai wannan kwaleji ce ba firamare ba, wai rage ƙarfi raini ne ga abokin karawa, wai ba aikinsa ba ne ya hana kansa cin maki. Na yarda da rabin maganar. Ban ce a tsaya a bar su su zura don a faranta musu ba, wannan cin fuska ne, yaran ma ba za su so ba. Amma yana da 'yan wasa bakwai a benci da ba su taɓa ƙwallo ba ran nan. Ya sa su mana, su buga da iyakar ƙarfinsu. Ya janye tarewar nan, ya bar yara su tsallako rabin fili a kara da su a nan. Ko haka ya yi da maki sittin zai ci. Duk wannan ya fi ni saninsa, ni da na koyi dokokin wasan a waya ina jiran fasinja.

Ina kuma so in yi miki tambaya, ke da kika buga wasan nan. Duk shekara kuna aiko mana da takarda mai hoton yara suna murmushi, kuna cewa kuna gina hali ba cin kofi kawai ba. Ran nan mutum ɗaya ne a ɗakin ya nuna halin da kuke talla, ita kuka hukunta. Sauran sha ɗayan suna kallo. Me kike so su koya? Ɗaya daga cikinsu ta kira Rukayya tana kuka, ta ce ita ma ta so ta tsaya amma ta ji tsoro. Yanzu ta ga abin da ake yi wa wadda ba ta ji tsoron ba.

6. Abin da nake nema

Na farko, ki zauna ki kalli kwata ta huɗu daga farko har ƙarshe, da sauti a buɗe.

Na biyu, a janye takardar nan daga fayil ɗin 'yata, a mayar mata da matsayinta. Ta riga ta zauna wasa ɗaya a benci da kayan gida, kuma ba ta fasa zuwa tirenin ko sau ɗaya ba. An ce in ta ba koci haƙuri a gaban ƙungiya za a rage mata. Ta ce za ta ba shi haƙurin ɓacin ransa, amma ba za ta ce ta yi kuskure ba. Da farko ni na matsa mata ta faɗa a wuce wurin. Yanzu na janye, kuma na gaya mata a gaban uwarta.

Na uku, ki kira kocin waccan kwalejin da kanki. Ba imel ba, kira. Ki tambaye ta lafiyar yarinyar da ta gurɗe, ki tambaye ta ko ƙungiyarta tana nan.

Na huɗu, a sa ɗaliban da suka ɗauki Hawa a waya su goge, domin bidiyon yana yawo, har ya kai ga ƙannenta.

Ban nemi a kori kocinku ba. Shi ma yana da iyali, kuma shekara biyu yana koya wa 'yata abin da ni ba zan iya ba. Amma a zaunar da shi a gaya masa gaskiya, kuma wanda ya fi shi matsayi ne zai gaya masa, ba yarinya 'yar shekara ashirin ba.

Ranar Asabar mai zuwa kuna da wasa a gida. Na ajiye mota ran nan. Zan zo in zauna a layin da ke bayan benci, daidai bayan 'yata, ko an sa ta ko ba a sa ta ba. Alhaji Issaka ya ce zai rufe shago ya zo, Hawa ma ta ce za ta zo in ta tashi aiki da wuri. Ba rigima za mu yi ba, ba kuma za mu ɗaga allo ba. In kin shigo ɗakin za ki gane mu, dattawa biyu da huluna. Ki zo ki gaya mana abin da kika yanke, ido da ido.

Allah ya ba ki ikon yin adalci, ya tsare miki 'ya'yanki daga ranar da za a taru a kansu ana dariya, ya sa ki gama da kujerar nan lafiya.

Wassalam.

Sani, mahaifin Rukayya,
Concourse Village, Bronx.