Babi Uku da Suka Rage a Jakar Malama

Litinin, 3 ga Maris

Malamar Faransanci ta kama ni. Littafin soyayyar Anti na ɓoye cikin na darasi, saura babi uku in gama. Ban ji zuwanta ba, sai ganin hannu na yi. Ta duba bangon, ta ce, "Da daɗi?" Na sunkuyar da kai. Ta jefa shi a jaka.

Laraba, 5 ga Maris

Wai sai ranar da na ba ta labarin da Faransanci za ta dawo mini da shi. Da baki. Na ce zan rubuto.

"Rubutunki na san shi, wata shida ina ba shi maki. Muryar ce ban taɓa ji ba."

Kullum zancenta ke nan: harshe a baki yake zama, kuma wanda bai yi kuskure a ajinta ba kamar bai zo makaranta ba ranar. Ni da bulala ta yi mini, da na huta.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gaji. Ban ma san ko jarumar ta karanta wasiƙar likitan ba.

Asabar, 8 ga Maris

Anti ta tambayi littafinta. Na ce yana makaranta. Ta ce, "Shi ma an sa shi aji ne?" Umma na ta dariya. Na shige ɗaki.

Talata, 11 ga Maris

Na tashi, na buɗe baki, ba abin da ya fito. Ido arba'in a kaina. Malama ba ta yi faɗa ba. Ta sa muka juya kujeru, kowa ya ba abokin zamansa baya, wai kunya ta ido take shiga. Aka haɗa ni da Rediyo, yarinyar da ba ta san shiru ba. Ina kallon bango na haɗa jimla huɗu, duk a karkace. Malama ta wuce ba ta gyara ko ɗaya ba.

Rediyo ta zungure ni da gwiwar hannu. "Ke, sai me ya faru? Likitan ya tafi?"

Kaina ciwo yake.

Juma'a, 14 ga Maris

Minti uku, fuskata a bango. Na rasa kalmar "kishi", na ce cikinta ya yi zafi. Aji ya fashe da dariya, ashe duk sun daina nasu suna saurare. Ban mutu ba dai.

Malama ta ajiye littafin a teburina. "Kuskure goma sha ɗaya. Yau kin zo makaranta."

Lahadi, 16 ga Maris

Na gama. Sun yi aure, ba wani abin mamaki. Anti ta karɓi kayanta.

Rediyo ta ce lallai gobe in faɗa mata ƙarshen labarin. Da Hausa minti ɗaya ya isa. Ban san me ya sa tun azahar nake fama da ƙamus ba. Hannuna har ya gaji.