Saifar da na nuna wa likitan shanu

Zuwa ga Yaya Sale a Kuseri,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki? Ya Inna da ƙafarta? Ya Hajara da yara? Allah ya sa kowa lafiya.

Yaya, wani abu ya same ni a mayanka, wajen Baba Hamadu mahaucin da ka haɗa ni da shi. Ran Talata muka yanka wani sa. Ina fitar da kayan ciki sai na ga saifar ta kumbura, na latsa, mugunya ta fito. Ashe a nan ɓoyewa ake yi kafin likitan shanu ya zo buga wa nama tambarin lafiya. Ba wanda ya gaya min. Da ya iso na miƙa masa, na ce, "Dokta, wannan mene ne?" Ya hana sayar da naman duka, aka zuba masa kananzir.

Baba Hamadu bai dake ni ba. Saifar ya ɗaure da igiya, ya rataya min a wuya, ya ce, "Sabon dokta, zagaya ka duba marasa lafiya." Haka na wuni, ƙudaje na bi na, mahauta na cewa, "Ranka ya daɗe, dokta!"

Jiya na sake ganin irinta a wani san da muka yanka. Na cusa ta a wandona, aka buga tambari, Baba ya ce na fara hankali. Na ga mata suna sayen naman a kasuwa. Yaya, daidai na yi?

Kar ka gaya wa Inna. A sa ni a addu'a, ka gai da Kawu Bello.

Ƙanenka,
Iliya, daga Garwa