Inna, Ki Daina Hawa Dutsen Neman Sabis

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba, yaya mutanen 'Yankuzo?

Ina nan ƙasar Sin lafiya lau, tsayuwar aiki ce kawai, ita ma na saba. Kamfaninmu da rediyo ya fara shekara arba'in baya, yanzu na'urorin sabis ɗin waya muke ƙerawa. Da ina alfahari da hakan.

Kawu Arzika ya kira ni daga Funtuwa. Ashe tun da aka yanke muku sabis, dutse kike hawa ki kira ni? Ya ce 'yan bindiga sun fara tambayar wace tsohuwa ce ke kai rahotonsu.

Don Allah ki bari. Shirunki zan iya jurewa. Yanzu muryarki nake tsoron ji.

Allah ya tsare ku.

Ɗanki,
Yazid