Idon Duna Ya Koma Rawaya

Litinin, 7 ga Oktoba, 2024

Karenmu Duna bai ci tuwon jiya ba. Matata Rahmatu ce ta lura, ta ce ko ƙashin da ta jefa masa shinshinawa kawai ya yi. Da zan tafi makaranta bai raka ni bakin hanya ba, yana kwance ƙarƙashin rumbu. Tun yana ɗan kwikwiyo yake gadin awakinmu, ban taɓa ganinsa haka ba.

Yau na koya wa 'yan aji biyar darasin kayan cikin jiki. Yaran nan akwai kaifin basira, Allah ya raya su.

Laraba, 9 ga Oktoba

Amai tun safe. Fitsarinsa kamar baƙin shayi. Na tsuguna daga nesa na duba, farin idonsa ya koma rawaya. Hanta ce, in dai abin da nake koyarwa gaskiya ne.

Daga nesa, na ce. A gidanmu ba a taɓa kare. Marigayi Baba da ƙafa yake tura masa kwano, ni ma haka na tashi. Na karanta, na san malamanmu ba su ce kare mai rai najasa ne ba. Amma hannuna bai taɓa yarda ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Na je Zakirai wajen Malam Sha'aban, malamin dabbobi. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, da akuya ce da tun daga bakin ƙofa na gaya maka ciwonta." Shi a kan kare allurar hauka kaɗai ya sani. Ya ce sai an ɗebi jini, kuma sai birni. Ya ja kunnena kada in ba shi maganin zazzaɓinmu na mutane.

Inna ta jiƙa saiwar rawaya, yadda take yi mana in shawara ta kama mu. Ga jiƙo a ƙwarya, babu mai buɗe masa baki. Ni ma ban buɗe ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na zaga tasha. Direbobin da ke loda tumaki har kan cinyar fasinja, duk sun ƙi ɗaukar kare. Ɗaya tsohon ɗalibina ne, Jamil. Ya sunkuyar da kai: "Malam, ka yi haƙuri, fasinjojina masu alwala ne."

A unguwa an fara raɗe-raɗin haukan kare. Mai unguwa ya aiko in ɗaure shi. Ɗaure wanda ko tashi ba ya iyawa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Cikinsa ya kumbura. Da ya ji takuna ya kaɗa jela, a kwance.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na nemi izini a makaranta. Ƙanena Iliyasu ya ce zai kai mu a babur, amma shi tuƙi zai yi, sai dai wani ya riƙe. Ya kalle ni. Na naɗe Duna a buhu, wai kada jikinmu ya haɗu. Kafin Gezawa buhun ya zame, kansa ya faɗo kan ƙirjina. Zafi kamar garwashi. Ba nauyi sam. Ko in gyara buhu ko in riƙe shi, hannu bai isa duka biyu ba. Buhun yana can kan titi.

Likitar da muka samu a birni matashiya ce, Dakta Khaulat. Ta tambayi abin da yake ci. Na ce ragowar masarar bara ta gindin rumbu, wadda damina ta taɓa ta yi fumfuna. Kowa a garinmu haka yake yi kafin a zuba sabon hatsi, wanda ya lalace na kare ne da kaji. Ta ce tana zargin masarar ce, amma ba za ta yanke ba sai sakamako ya fito. Ta ɗebi jini, ta sa masa ƙarin ruwa, ni na riƙe ƙafar.

"Ku koma da shi gida, Malam. Ya fi son can."

Na gane.

Talata, 15 ga Oktoba

Da hantsi Duna ya mutu. Inna ta ce a ja shi a yar bayan gari kamar yadda ake yi. Na ɗauki fartanya na haƙa a gindin ɗorawar gona. Iliyasu ya taya ni, bai tsokane ni ba ko sau ɗaya, abin da ba halinsa ba.

Sauran masarar na ƙone ta, ban da zangarniya ɗaya.

Asabar, 19 ga Oktoba

Dakta ta kira. Hanta ce. Na yi mata godiya.

Ranar Alhamis na kai wa 'yan ajina zangarniya mai fumfuna, suka yi ta miƙa wa juna suna dubawa. Tahira ta ce irinta ce a kwanon karensu. Na ce ta gaya wa babanta zan zo in gaishe shi. Na je. Karen ya taho yana shinshina ni, ban ja baya ba. Ba wani abu ba ne, idonsa kawai nake son gani.

Rahmatu tana haɗa wanki, ta ɗauko rigar da na sa ranar Litinin daga jikin ƙusa. Akwai baƙin gashi a ƙirjinta har yanzu. Na ce ta bar ta tukuna, ba ta yi datti ba.