Malama Hannatu Ta Fito Takara

Zuwa ga 'yata Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ya maigidanki, ya jikin Dauda? Tarin nan ya sake shi? Kada ki ɓoye mini. Mu a Gozaki lafiya lau.

Albishirinki. Malama Hannatu, wadda ta koya mini rubutu a ajin manya, ta fito takarar majalisar jiha. 'Yar manomi ce kamar mu. Tana so taki ya riƙa zuwa da sunan macen da ke noma, kuma a sa ungozoma a asibitinmu, a daina kai mai naƙuda Malumfashi a kan babur, kamar yadda aka kai ki.

Jiya ta zo har gida, ta ce, "Maman Saratu, ke za ki yi magana a taron mata ranar Asabar."

Na ce, "Malama, ni da ko a coci ban taɓa tashi ba?"

Ta yi dariya, ta ce, "Haka kika ce ranar da na miƙa miki fensir."

Na dai amsa. Labarin naƙudarki zan ba su. Ki sa ni a addu'a kada muryata ta ƙi fita. Ki gai da surukarki.

Mamanki,
Rifkatu